Kwalli da kalandar bangon ɗakin girki

Daren da Kwalli ta fara kukan nan cikin tsananin hunturu ne, wajen ƙarfe 2. Na farka a firgice, na ɗauka jaririn maƙwabta ne aka ajiye a tsakar gida cikin wannan sanyi. Kuka ne mai tsawo, ya tashi sama ya karye, a ɗan yi shiru, ya sake tashi. Kafin in lalubo mayafina har Inna, wato mahaifiyar maigidana, ta fito daga ɗakinta, tocila a hannu ɗaya, carbi a ɗaya, tana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Maigidan kuma ya fito da taɓarya, har yau ban san wa ya yi niyyar duka da ita ba. Da aka haska bakin ƙofar ɗakin girki sai ga kyanwarmu tana birgima a kan siminti, tana goga kai a jikin turmi, tana wannan ihu da ba mu taɓa jin irinsa daga bakinta ba.

Inna ta ce, "Na faɗa muku. Dabbar da ke kuka irin na ɗan mutum, ba a kwana da ita a gida."

Ɓeraye ne suka sa muka kawo ta. Muna da ɗan sito a bayan ɗakin girki inda nake ajiye shinkafar masa da masara, sai da suka huda min buhu biyu, suka cinye gefen littafin rajistar ajina da na manta a can. A ƙarshen damina maigidan ya dawo daga kasuwar Muda Lawal da ita a cikin kwalin taliya, wani mai shagon hatsi ya ba shi, 'yar mitsitsiya, ba ta fi wata 2 ba. Fara ce, amma kewayen idanunta baƙi ne kamar an rambaɗa mata kwalli, sunan ya bi ta ke nan. Ranar da ta tashe mu daga barci ke nan ba ta wuce wata 6 a duniya ba. A idona yarinya ce, ko kusa tunanina bai je inda maganar take ba.

Abin da na zata shi ne ta ci ɓeran da ya ci guba, ko wani yaro ya jefe ta a baya. Da safe ta ƙi cin kan kifin da na ba ta. Idan na shafa bayanta sai ta kwantar da ƙirji ƙasa, ta ɗaga gindi sama, ta kawar da wutsiya gefe, tana tattaka ƙafafun baya kamar mai taka keken ɗinki. Na ce shi ke nan, ƙashin baya ya taɓu. Har na ɓallo rabin farasitamol zan daka mata a madara, Allah ya sa ƙararrawar makaranta ta fi ƙarfina, na bar shi a kan tagar na fita. Da aka tashi na sa ta a kwando na rufe da zane, muka shiga Keke Napep zuwa asibitin dabbobi, tana ihu tun daga Jahun har muka isa, mai keken yana ta leƙena ta madubi.

Wajen cike yake da masu raguna da masu kaji, ni kaɗai ce mai kyanwa, kuma na ji kunya ba kaɗan ba. Likitan bai fi minti 2 yana duba ta ba. Ya shafa bayanta, ta yi masa irin abin da take min, ya yi murmushi ya ce, "Malama, lafiyarta ƙalau. Barbara take nema." Da na ba shi labarin farasitamol kuwa sai murmushin ya ɓace. Ya ce hantar kyanwa ba ta iya narkar da wannan magani yadda tamu ke yi, yana lalata mata jini, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Na rubuta wannan a nan tun da wuri saboda wanda ba zai karanta har ƙarshe ba. Kada a ba kyanwa farasitamol, komai irin kukan da take yi.

Na tambaye shi yaushe zai wuce. Ya ce kamar mako guda. Na yi ajiyar zuciya na ce to, sai kuma baɗi. Abin da na sani ke nan daga karnuka, a ƙauyenmu karya sau 2 take yi a shekara, a ga karnuka sun yi mata jerin gwano na 'yan kwanaki, sannan a huta wata 6. Likitan ya girgiza kai. Ya ce in ba ta samu namiji ba, in saurare ta nan da mako 2 zuwa 3. Ban yarda ba, kuma ya ga alamar haka a fuskata. Ya ce tunda ni malamar lissafi ce, in riƙa sa alama.

Akwai kalandar da aka ba mu a wani biki, tana rataye a ɗakin girki, hayaƙi ya fara rina ta. Duk ranar da Kwalli ta yi kuka sai in kewaye ranar da jan biron da nake makin jarrabawa. Karon farko kwana 6 ta yi. Aka yi shiru kwana 12, ta koma cin abincinta, tana barci a kan buhun masara kamar ba ita ba, kyanwar Lami sak. Sai ta dawo, kwana 7. Shiru na kwana 10. Kuka kwana 5. Shiru kwana 13. Kuka kwana 7. Cikin kwana 60 sau 4 ke nan, kuma in ka haɗa jajayen da'irorin za ka samu kwana 25 da ba mu yi barcin kirki ba. Daga farkon wani karo zuwa farkon na gaba bai taɓa kaiwa mako 3 cif ba.

Wanda ya fara gane bakin zaren a gidanmu ba ni ba ce, Inna ce, duk da ita ce ta fi kowa tsanar abin. Tana kiwon awaki tun kafin a haifi maigidana. Wata rana tana tsaye tana kallon kalandar ta ce, "Wannan ai lissafin akuya ne." Akuya in tana neman bunsuru takan yi ta kuka tana kaɗa bindi kwana ɗaya ko biyu, in ba ta samu ba ta dawo bayan kwana 21, saniya ma haka. Tun daga ranar maganar aljanu ta ragu, don abin da ya shiga lissafin kiwo ya fita daga hannun mutanen ɓoye.

Amma akwai inda kyanwa ta rabu da akuya, kuma nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Akuya da saniya da ɗiya mace, in lokaci ya yi jiki yakan saki ƙwai da kansa, ko da namiji ko babu. Kyanwa a mafi yawan lokaci ba ta sakin ƙwai sai an yi barbarar, barbarar ce ke tayar da sinadarin da ke sa ƙwan ya fito. Zomo ma haka yake, raƙumi ma haka. To in ba a yi ba, ƙwayayen da suka nuna sai su shanye, jiki ya ɗan huta, ya sake nunar da wasu, kukan ya dawo. Ba abin da ke rufe zancen. Shi ya sa kulle ta ba ya kawo ƙarshensa, jinkiri kawai yake sayo maka na kwana goma sha wani abu. In kuwa an yi barbarar amma ciki bai shiga ba, takan yi shiru na kamar kwana 40, jikinta yana ɗaukar kamar akwai ciki, sannan ta koma gidan jiya. Kuma ba ta jini irin na karya. Duk wanda ya ga jini ko mugunya na fita daga kyanwarsa, wannan ciwo ne, ya nufi likita.

Sai maganar lokacin shekara, wadda ta ruɗe ni da na fara dube-dube a waya. Kusan duk abin da na karanta daga Ingila ko Amurka aka rubuto shi, kuma cewa suke kyanwa tana da kakarta: ta fara wajen watan Fabrairu, ta ci gaba har Satumba ko Oktoba, sannan ta huta cikin sanyi. Na yi murna na ce ashe akwai hutu. Ashe hutun nasu ne. Abin da ke kunna jikin kyanwa ba sanyi ko zafi ba ne, tsawon hasken rana ne. In yini ya kai kamar awa 12 zuwa 14, jikinta ya buɗe. In ya gajarta sosai, ya rufe. A Landan yinin Disamba bai kai awa 8 ba, na Yuni kuma ya haura awa 16. Duk wanda ke da ɗan'uwa a can ya san zancen, don mun sha jin suna azumin awa 18 in Ramadan ya faɗo tsakiyar shekara, mu a nan muna tausaya musu. Mu kuwa a Bauchi, da muke kusa da tsakiyar duniya, yininmu mafi gajarta kamar awa 11 da rabi ne, mafi tsawo bai kai awa 13 ba. Dubi kiran sallar Magariba ma, duk shekara tsakanin wajen ƙarfe 6 ne da 7 saura kwata yake kai-komo. Ga kyanwa, wannan yana nufin ƙofa a buɗe take kusan kullum. Ƙara da hasken ƙwan lantarki ko fitilar sola da muke bari a kunne a tsakar gida har dare ya raba. Kyanwar Bature tana da hutun ƙarshen shekara, tamu ba ta da ko na tsakiyar zango.

Ban yi maganar muzurai ba tukuna. Kafin Kwalli ta fara, da za a tambaye ni muzuru nawa ne a layinmu, da na ce ɗaya. A karo na biyu na ƙirga 4 a kan katanga. Akwai wani ja ƙato mai faɗin fuska, akwai baƙi mai yagaggen kunne, akwai mai zane-zane ruwan toka, da wani rammamme da kullum yake zaune nesa yana jiran ikon Allah. Ƙamshin fitsarinta da kukanta ne ke kiransu, daga unguwannin da ban san iyakarsu ba. Su kuma suna fesa nasu fitsarin a jikin ƙofa da tayar babur ɗin maigidan, wari ne da omo ba ya fitar da shi. Da dare su kaure da faɗa a kan kwanon rufi, ka ji kamar ana jan buhun ƙarafa. Maƙwabciyata, wadda ke da ɗanyen goyo, ta aiko 'yarta da sallama mai kyau, wai tana gaishe ni, tana tambayar ko lafiya kyanwar. Na gane saƙon.

Na riƙa kulle ta a sito, da ruwa da abinci da kaskon yashi. Raina bai so ba, don duk lokacin da na ja sakatar sai hadisin nan ya faɗo min, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Na san ni ina ciyar da tawa, amma kukan da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa bai yi kama da na wadda ake kyautata wa ba. Haka muka lallaɓa har bazara ta shigo. Wani dare a ƙarshen Maris aka ɗauke wuta, zafi kamar a tanda, babban ɗana ya tausaya mata ya buɗe 'yar tagar siton. Ragar tagar da ma ta yage a gefe.

Cikin daren na ji wata ƙara daban, gajeriya, mai kaifi, sannan faɗa. Daga baya likitan ya yi min bayani: gaban muzuru yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon baya, su ne ke karce ta yayin rabuwa, wannan kartar ce ke sa ƙwai ya sauka, ita ce kuma dalilin da take ƙwalla ƙara ta juyo ta kai masa mari. Kwana 2 ba mu gan ta ba. Ta dawo da asuba, duk ƙura, ta ci abinci kamar ta dawo daga gona, ta kwanta. Gida ya yi tsit. Maigidan ya ce alhamdu lillahi, an huta. Na kalle shi kawai na je na sa alama a kalanda, wannan karon da baƙin biro.

Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, mako 9 ke nan, akuya kuwa wata 5 take yi. Kwalli ta haihu a rana ta 64, kuma duk faɗin gidan nan ba ta ga wajen haihuwa ba sai cikin kwallar zannuwan Inna da ke ƙarƙashin gado. Na shirya jin faɗa. Sai na tarar da tsohuwa a durƙushe tana leƙe da tocila, tana cewa a yi a hankali kada a firgita mai jego. Da yamma ita ce ke ba jikokinta labarin sahabin da aka yi wa laƙabi da Abu Huraira saboda 'yar kyanwar da yake yawo da ita, da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Ban tuna mata da daren tocila da carbi ba. Suruka ce.

'Ya'ya 4 ta haifa, kuma kowanne da kamarsa: ja ɗaya, baƙi ɗaya, mai zanen toka ɗaya, sai wata mai launi uku, fari da baƙi da ja. Yarana suka ce kamar an raba wa muzuran katanga ɗaya-ɗaya. Da wasa suka faɗa, amma abu ne mai yiwuwa, don kyanwa takan sadu da muzuru fiye da ɗaya a karo guda, kuma 'ya'yan ciki ɗaya suna iya zama na ubanni daban-daban. Mai launi ukun tun ba a duba ba likitan ya ce mace ce, don wannan haɗin launi kusan kullum a mata ake samunsa. Haka kuwa aka yi. Idanunsu suka buɗe bayan kamar kwana 10, suka fara rarrafe cikin takalman mutane.

Ni a lissafina, mai shayarwa tana da kariya, kamar yadda mata da yawa ke samun tazara in suna goyo. 'Ya'yan suna mako 7, ba su gama sakin nono ba, ana tsakiyar damina, na ji kukan nan daga bayan randa. Na tsaya da ludayi a hannu. Na koma kan kalanda na yi abin da na iya: mako 9 na ciki, kamar mako 8 na goyo, mako 17 ke nan, wata 4 ba kaɗan. Shekara za ta ɗauki haihuwa 3. In kowace 4 ce, 12 ke nan daga uwa ɗaya. 'Yar da aka haifa a haihuwar farko kuma za ta fara nata kafin shekarar ta ƙare, kuma kyanwa ba ta san wa ko uba ba a wannan fage. Ba ta kuma da shekarun daina haihuwa irin na mutane, sai dai abin ya ragu in ta tsufa. Na tuna 'yan kyanwoyin da nake gani a bola kusa da makarantarmu, cikin kwali, idanu duk kwantsa. Da can ina cewa wane marar imani ne ya zubar da su. Yanzu na san yadda ake kaiwa can.

Shawarwari suka yi ta zuwa. Wata abokiyar aikina ta ce a yi mata allurar tsarin iyali irin ta mata, wai wani mai kemis yana yi, kuma tana tsayar da kukan. Tana tsayarwa ɗin, likitan bai musa ba, amma ya ce irin wannan allura in ana maimaitawa tana jawo mahaifa ta cika da mugunya, nono ya kumbura ko ya yi ƙari, har da ciwon suga. Ya ce abin da ke raba gardama shi ne aiki: a yi mata allurar barci, a cire mahaifar da gidan ƙwan, shi ke nan, ba kuka, ba ciki. In an yi tun da ƙuruciya ma yana rage haɗarin sankarar nono sosai. Muzuru kuma fiɗiya ake masa, kamar bunsuru, nasa ya fi sauƙi.

Inna ta ce sam, ba a taɓa halittar Allah. Maigidan ya ce, "Inna, taure nawa kika sa aka dandaƙe a gidan nan?" Ta ce wannan daban, na ci ne. Na kai maganar wajen malaminmu na Islamiyya. Ya ce malamai sun yi saɓani a kai, akwai masu hanawa, akwai masu halattawa in akwai cutar da ake son kaucewa kuma ba za a azabtar da dabbar ba. Sannan ya tambaye ni me zan yi da 'ya'ya 12 a shekara. Na ce ban sani ba. Ya ce to in fara amsa wannan.

Sai da muka jira kukan ya wuce, aka yaye 'ya'yan, nono ya ƙafe, don likitan ya ce lokacin barbara jijiyoyin wajen cike suke da jini, aikin ya fi wahala. Aka hana ta abinci tun dare, aka yi da safe, da la'asar na dawo da ita cikin kwandon nan tana layi kamar mai maye. Kuɗin ya ci min wani yanki na albashi da na ji a jikina. Kwana 10 aka cire zare. Masu cewa in an yi mata aiki za ta daina kamun ɓera, su zo su ga abin da ta ajiye min a bakin ƙofa shekaranjiya. Ta dai ƙara ƙiba, sai na rage mata tuwo.

Mazan uku ba su yi mako guda ba aka karɓe su, mai shagon hatsin ma ya karɓi jan. Macen ce kowa ya ƙi. Duk wanda ya zo sai ya ɗaga wutsiya ya duba, ya ajiye ta, ya ce a'a, wannan mai tara jama'a ce. Ta zauna a wajenmu, a ɗakin Inna take kwana, Inna ta sa mata suna Atamfa saboda launinta. Yanzu watanta 5. Jiya da Magariba na gan ta tana birgima a gindin turmi, tana goga kai, ta yi wani ɗan kuka siriri kamar mai gwada murya. Na ɗauko jan biro. Inna tana kan tabarma tana ɓare gyaɗa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ke, wace rana likitan nan yake zama? Ki tambayo min nawa ne, zan sayar da ɗan akuya ɗaya."